Shingen Lambun Gida: Dirka da Tanka

  Yau zancenmu a kan shingen lambu ne, watau irin shingen katakon nan da ake kafa dirkoki a jere, a gicciya musu tanka, a kewaye 'yar shukar da ke bayan gida. Wanda ke da takarda da alƙalami a kusa ya jawo su, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

Bari mu fara da dalili.

Ku ɗauki misalin uwar gida wadda ta keɓe wani lungu a bayan ɗaki, ta yi fangali huɗu ko biyar, ta zuba alayyafo da salak da tumatir da 'yar yakuwa, tana jan ruwa a rijiya safe da yamma tana ba su, har ganye ya yi kore shar, ta soma ƙidayar ranar da za ta huta da sayen kayan miya. Ran nan ta tafi barkar suna nan maƙwabta, kafin ta komo bayan azahar, akuya da 'ya'yanta biyu sun shiga sun yi kaca-kaca da wahalar mako shida. Sai kuka, sai cacar baki, sai ka ji magana ta kai gaban mai unguwa. Gidaje biyu da suka shekara ashirin suna musayar akushi, a kan ganyen salak sai gaisuwa ta yanke.

Malamanmu na fiƙihu ba su ƙyale wannan mas'ala ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito labarin taguwar Bara'u ɗan Azib, Allah ya yarda da shi, wadda ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana wuyan mai ita, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa mai dabba ne zai biya. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ita ma a kan haka ta tafi. Akwai tafsili a cikin mas'alar, wannan sai a koma ga malamai. Amma ku riƙe asalin. Da rana, tsaro na mai lambu ne. Na sake faɗa: da rana, tsaro na mai lambu ne. Tun da kuwa ba mai iya wuni tsaye da sanda a bakin fangali, ga kasuwa, ga ofis, ga hidimar gida, ashe shinge ya zama wajibin duk wanda ke son ya ci amfanin shukarsa, ya kuma zauna lafiya da maƙwabcinsa.

Irin wannan shinge sananne ne a ƙasashe da yawa. A Amurka ma, Abraham Lincoln, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa a 1860, da tsaga itacen shinge ya yi samartakarsa, har magoya bayansa suka riƙa yi masa kirari da sana'ar. Mu nan muna da dangarmu ta kara da darninmu na zana, masu sauƙin kuɗi da sauƙin yi, sai dai kusan kowace shekara sai an sabunta. Shi kuwa na katako, in an kyautata kafinsa, yakan yi shekaru da dama yana tsaye.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ƙasa ke da sauran danshi, dagi yana shigarta ba wuya, kuma ba a riga an kwance dabbobi daga turke an sake su bayan girbi ba. Wanda ya bari sai hunturu ya kama, zai tarar ƙasa ta ƙeƙashe, awaki kuma sun riga shi zuwa.

Yanzu sai magana ta biyu, ita ce iyaka.

Malam mai gida, kafin ka taɓa dagi, ka taka zuwa ƙofar maƙwabcinka, ka yi sallama, ka gaya masa niyyarka, ku zo tare ku tsaya a kan iyakar, in da hali da dattijo ɗaya ko biyu a matsayin shaidu. Inda aka yi shakka, ka ja da baya cikin naka. Taƙi ɗaya na ƙasar wani ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, kuma tumɓuke dirka ashirin bayan an kafa su ba ƙaramar hasara ba ce. Mazauna birni kuma su bincika ko bututun famfo ko wayar lantarki ta bi ta ƙarƙashin wurin, kada garin gyaran lambu a jawo wa unguwa masifa.

To, mun zo ga itace, a nan kuwa za mu ɗan daɗe, domin nan ne gindin maganar.

Jama'a, shinge daga gindi yake mutuwa. Ku je ku dubi kowane tsohon shinge da ya kwanta, za ku ga saman dirkar lafiya lau, tankar ma da sauranta, amma daidai inda itace ya haɗu da ƙasa ya rududduge. Dalili kuwa shi ne, ƙananan halittun da ke ruɓar da itace, dangin fumfuna, suna bukatar danshi da iska a haɗe. Can ƙasan rami akwai danshi amma iska kaɗan ce, can sama akwai iska amma rana ta busar da itacen, sai a bakin ƙasa ne abubuwan biyu suka taru, kuma ta nan ɗin ne gara ke fara hawa. Saboda haka in kuɗinka kaɗan ne, ka zuba su a kan dirka. Tanka in ta lalace, 'yan ƙusoshi za ka zare ka sa wata. Dirka in ta lalace, sai an tayar da shinge.

Wane itace ke jure zaman ƙasa? Kakanninmu sun san kirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta. Tauri gare ta ƙwarai, gara ba ta cika samun sa'arta ba, sai dai ta yi ƙaranci a dazuzzukanmu, ba na ba kowa shawarar ya je ya sare ɗanyarta. Akwai azara, watau tsagin giginya, musamman baƙin ɓangaren nan na waje, wadda ta riƙe rufin soraye shekara da shekaru. Illarta ita ce ba ta karɓar ƙusa sai an fara huda ta, in ba haka ba a ɗaure da waya. Akwai tik, in an sami wanda ya ƙosa. Akwai kuma darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, itaciyar ƙasar Indiya da aka fara dasawa a Lardin Barno a 1928, yau ga ta a kowace ƙofar gida. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar, tun 1975 aka soma dasa ta layi-layi don tare iska, daga baya mutanen wurin suka riƙa sassabe rassanta suna samun sandunan gini, uwar kuma tana sake tohowa. Wannan ita ce hanyar da ta dace: a ɗebi reshe, a bar itaciya da ranta, kuma a nemi izinin malamin daji kafin a ɗora gatari.

Sandunan turare suna da araha, ga su a miƙe sambal, amma ƙananansu gara na cinye su da wuri in ba a sa musu magani ba. Malaina ta yi kyau a tanka, ba ta yi a rami ba. Kuka da rimi kuwa, kada ma a fara.

Ga wata ƙa'ida da ta game kowane irin itace. In ka dubi bakin gungumen da aka yanke, za ka ga tsakiyarsa ta fi duhu, gefensa na ƙarƙashin ɓawo kuma fari ne. Mai duhun nan shi ne mai ƙarko. Farin shi ne abincin gara. In ka je 'yan katako, ka juya kowace dirka ka dubi bakinta, wadda fari ya yi mata yawa ka ajiye ta, ko da an rage maka kuɗi. Araha ba ta ado.

Da ka kawo itace gida, in da ɓawo a jikinsa ka ɓare shi sarai, ka jera shi a inuwa bisa duwatsu yadda iska za ta ratsa, ya yi wata ɗaya ko biyu ya bushe, gama ɗanyen itace ba ya shan magani. Sa'an nan ka nemi maganin katako irin su Solignum, wanda ake samu a shagunan kayan gini. Shafawa da buroshi tana da amfani, amma tsoma gindin dirka a cikin rabin duro ya kwana yana sha ya fi. Maganin ya rufe duk abin da zai shiga rami, ya haura da kamar inci 6 bisa bakin ƙasa, domin kun ji inda ajalin dirka yake. Duk inda zarto ya yanka daga baya, a sake shafawa. Dabarar mutanen da ta babbaka gindin itace sama-sama tana ɗan taimakawa, haka ma shafa kwalta, amma ba su isa su kaɗai ba.

Akwai abin da nake roƙon ku bari, ko da yake na san ya zama ruwan dare: tsiyaya baƙin man mota a ramin dirka. Man nan yana ɗauke da dattin ƙarafa masu cutarwa, wurin kuwa wurin abinci ne, sau da yawa ga rijiya a kusa. Haka kuma guntayen katakon da ya sha magani, uwar gida, don Allah kada ki sa su a murhu, hayaƙinsu da tokarsu guba ne. Mai shafa magani ya sa safar hannu, ya kori yara daga wurin.

Masu sauraro, mun gama da itace, sai awo. Ga inda takardarku za ta yi amfani.

Dirka ta zama mai kaurin inci 4 a kowane gefe, tsawonta ƙafa 6, watau kusan mita 1 da santimita 80 ga 'yan'uwanmu na Nijar. Sulusinta, ƙafa 2, zai shiga ƙasa, ƙafa 4 su tsaya a waje. Ku riƙe wannan: sulusi a ƙasa, sulusi biyu a sama. Katakon tanka mai inci 2 da inci 3 ko 4, a kasuwanninmu galibi tsawon ƙafa 12 ake yanka shi, don haka in ka bar ƙafa 6 daga tsakiyar wannan dirka zuwa tsakiyar waccan, kowace tanka za ta hau dirka uku, ba abin da zai tafi a banza. Amma fa ka sayi katakon tukuna, ka auna shi da kanka, kana ka haƙa rami, domin sau da yawa abin da aka kira ƙafa 12 yakan gaza da inci ɗaya ko biyu, rami kuwa in an haƙa ba ya matsawa.

Misali, lambu mai faɗin ƙafa 24 da tsawon ƙafa 36, kewayensa ƙafa 120 ke nan. Zai ci dirka 20, da ƙarin guda saboda ƙofa. Layi ɗaya na tanka katako 10 ne, layi uku katako 30.

Ka kafa turke a kowace kusurwa, ka ja igiya tsakaninsu ta miƙe tsam. In kana so ka tabbata kusurwa ta daidaita, ga wata tsohuwar dabara ta masana hisabi: daga turken ka auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya ka sa alama, ka auna ƙafa 4 a kan ɗayar ka sa alama, sa'an nan ka auna tsakanin alamun biyu. In ka sami ƙafa 5 cif, kusurwa ta yi. In ba ka samu ba, ka matsa igiya har ka samu. Uku, huɗu, biyar. Ko yaro ya iya riƙe wannan.

Sai haƙa rami da kafa dirka.

Zurfin rami ƙafa 2 da ƙarin inci 4, ƙarin nan kuwa na tsakuwa ne da za a zuba a ƙasa, dirka ta zauna a kanta, ruwa ya riƙa tsiyayewa maimakon ya kwanta a gindinta. A jigawa, inda rairayi ba ya riƙo, a ƙara zurfi da rabin ƙafa, a nemi dirka mai tsawon da zai ɗauki ƙarin. Kada a buɗa bakin rami fiye da kima; ninki uku na kaurin dirka ya wadatar. A fara da dirkokin kusurwa, in sun tsaya a ja igiya biyu tsakaninsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sauran duka su bi igiyar. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na riƙe, ɗaya na cikawa. Mai riƙon ya ɗaura ɗan dutse a zare ya sake shi kusa da dirka, ya duba ta gaba, ya zagaya ya duba ta gefe, gama dirka takan miƙe ta fuska ɗaya alhali ta karkace ta ɗayar.

Wajen mayar da ƙasa ne masu gaggawa ke yin hasara, domin sai mutum ya tura ƙasar duka da shebur, ya tattaka samanta da ƙafa, ya ga dirka ta tsaya ya ce an gama, alhali can ciki ƙasar a sake take, ruwan farko na bazara yana sauka sai ta zauna, dirka ta soma rawa. A zuba ƙasa kaɗan, kamar inci 4, a kirɓa ta da gindin sanda mai nauyi har ta yi tauri, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki, a ƙara wata, a sake kirɓawa, haka har rami ya cika. Kaɗan-kaɗan, ana kirɓawa. In an yi shi yadda ya kamata, ƙasar da aka fitar za ta kusa komawa duka. A ƙarshe a tara 'yar ƙasa a gindin, ta gangara waje, don kada ruwa ya sami wurin zama.

Kankare ba dole ba ne sai a dirkokin kusurwa da na ƙofa, waɗanda nauyi ke ja. Awonsa kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A zuba shi kewaye da dirka, ba a ƙarƙashinta ba, domin in ya rufe ta ta ƙasa ruwan da ya shiga ba shi da mafita, sai ta ruɓe a ciki. A gyara samansa ya gangara, a riƙa yayyafa masa ruwa, a bar shi kwana 3 kafin a rataya masa wani abu.

Mun zo ga tanka.

A buga ta ta wajen lambu, watau ta ɓangaren da dabba take, domin in akuya ko saniya ta jingina tana susa, ta riƙa danna katako a jikin dirka. In ta ciki aka buga, ƙusa kaɗai ke riƙe da nauyin, sannu a hankali sai ta zare. Layin ƙasa ya tashi inci 6 daga ƙasa, na sama ya sauko inci 4 daga kan dirka, na uku ya raba tsakani. Kada mahaɗar katakai ta taru a dirka ɗaya. In layin sama ya fara da cikakken katako, na tsakiya ya fara da rabi, ta haka kowace dirka tana da katakon da ya ratsa ta bai yanke ba, shingen ya ɗaure kansa da kansa. Ƙusa mai inci 4, irin wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, biyu a kowace mahaɗa, ɗaya ta ɗan sauka daga ɗaya don kada su tsaga katako. In itacen mai tauri ne, a fara huda shi. Kan kowace dirka kuma a yanke shi a karkace, ruwan sama ya zame.

Amma in gaya muku gaskiya, tanka uku tana tare saniya da jaki, ba ta tare ɗan akuya, balle kaza. Don haka sai an rufe tsakani. Mai hali ya jera siraran falankai a tsaye, kada ratarsu ta wuce yatsa huɗu, domin in ta fi haka akuya na cusa kai, ƙaho ya maƙale, ta wuni tana kuka ko ma ta shaƙe, ka ga an koma gaban mai unguwa ta wata ƙofar. Wani ya sa ragar waya, ya binne bakinta a ƙasa saboda kaji. Wanda bai da ko ɗaya ya ɗaura zana ko kara, ba laifi, tun da ƙashin shingen na nan, sabunta zana aikin yini ɗaya ne. Ko wanne aka zaɓa, a sa shi ta waje ya rufe tanka, don kada akuya ta sami matakin hawa.

Saura ƙofa. Faɗinta ya kai ƙafa 3 da rabi, yadda baro zai shiga da taki. Ƙyauren katako yakan sunkuya da nauyin kansa, maganin wannan kuwa shi ne katako guda da za a gicciya a karkace, ya tashi daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji, watau ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa, ya hau zuwa kusurwar sama ta wajen sakata. Daga ƙasa wajen hinji, zuwa sama wajen sakata. In aka juya shi, amfaninsa kaɗan ne. Sakatar kuma a sa ta inda yaro zai iya rufewa, gama yawancin ɓarnar lambu ta ƙofar da aka bari a buɗe take shigowa.

Abu na ƙarshe shi ne kulawa. Sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta, ka zagaya ka kama kowace dirka ka girgiza. Wadda ta motsa ka sake kirɓa gindinta. Ka tona bakin ƙasa kaɗan ka soka tsinin wuƙa a itacen, in ta shige da sauƙi ruɓa ta fara, sai ka kafa wata guntuwar dirka a jikinta ka haɗe su tun ba ta faɗi ba. In ka ga gara ta yi ginin ƙasa tana hawa, ka kankare, ka ƙara magani. Kada a jingina kara ko a tara shara a gindin shinge, kada kuma ruwan ban shuka ya riƙa kwanciya a wurin. A bar rata kamar ƙafa 1 tsakaninsa da fangali na farko. Da hunturu a share busasshiyar ciyawa ta ciki da waje saboda gobara. Wanda kuma ke da wadatar fili, ya dasa aguwa ko cini da zugu ta wajen shingen tun a daminar farko, amma cikin iyakarsa; dabbobi ba su cika cin su ba, sai dai a ja kunnen yara game da 'ya'yan cini da zugu, domin guba ne.